Mu Haɗu a Kashi na Biyu: Ƙarfi da Raunin Ci Gaban Finafinan Sadaukai

Gabatarwa

Duk wanda ya saba kallon finafinan Hausa ya san kalaman nan da kan fito a fuskar talabijin daidai lokacin da labari ya ɗauki zafi, wato a ce mu haɗu a kashi na biyu. Wannan ɗabi'a ba ta tsaya a Kano ba. Masu shirya finafinai a Amurka sun shafe fiye da shekara arba'in suna yin ta da jaruman littattafan zane irin su Superman da Batman da Spider-Man, kuma masu kallo a Abuja sun sha yin layi domin ganin waɗannan finafinai a gidajen silima, kamar na Silverbird da na Genesis. Wannan maƙala za ta duba abin da ke ƙara wa kashi na biyu armashi da abin da ke rage masa, ta amfani da ma'aunan da muka saba a darasin adabi, wato jigo da zubi da tsari da taurari.

Asalin sadaukan

Littafin zane shi ne wanda ake ba da labari a cikinsa ta hanyar jera hotunan da aka zana, maganar kowane tauraro na rubuce kusa da bakinsa. A irin wannan littafi Superman ya fara fitowa a 1938, Batman a 1939, Spider-Man a 1962, Black Panther kuma a 1966. Na zaɓi in kira su sadaukai domin ƙarfinsu ko dabararsu sun wuce na sauran mutane. Ba baƙi ba ne ga mai karatun Hausa, domin wanda ya karanta Ganɗoki na Bello Kagara ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya san mutum guda da ke tarwatsa runduna.

Waɗannan littattafai galibi wata-wata suke fitowa, kuma labarinsu ba ya ƙarewa. Ke nan mai shirya fim ya tarar da rumbu cike da labarai na shekara da shekaru, sai dai ya ɗiba. Daga wannan rumbu ƙarfin kashi na biyu ke fitowa, daga nan kuma rauninsa.

Kashi na biyu iri biyu ne

Akwai labari guda da aka yanka biyu, wanda kashi na farkonsa ba ya tsayawa da ƙafarsa. Irinsa ya yi yawa a finafinan Hausa na zamanin kaset, haka ma a littattafan jarumta irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da ake sayarwa kashi-kashi. Avengers: Infinity War na 2018 da Avengers: Endgame na 2019 su ma haka suke. Akwai kuma labari sabo da aka ɗora wa tsohon tauraro bayan na farko ya kammala. Wannan na biyu ya fi wuyar yi, kuma a kansa za mu fi tsayawa.

Ƙarfin kashi na biyu

Na farko, an riga an gama gabatarwa. Fim na farko kan ɓata kusan rabin lokacinsa wajen bayyana yadda sadauki ya sami ƙarfinsa. A na biyu mai kallo ya san kowa, sai a shiga cikin rikici kai tsaye.

Na biyu, kuma mafi muhimmanci, ana samun damar tona halin tauraro. A Spider-Man 2 na 2004, wanda Sam Raimi ya ba da umarni, Peter Parker ɗalibin jami'a ne da sadaukantaka ta zame wa kaya. An kore shi daga aikin kai abinci saboda latti, kuɗin haya ya gagare shi, karatunsa na taɓarɓarewa, har ƙarfinsa ya fara ɗaukewa. Daga ƙarshe ya jefa rigarsa a kwandon shara, abin da aka ɗauko daga fitowa ta 50 ta littafin, ta shekarar 1967. Babban rikicin fim ɗin a zuciyarsa yake: ya yi wa kansa rayuwa ko ya ci gaba da yi wa jama'a hidima? Duk ɗalibin da ke haɗa karatu da neman na kai zai ga kansa a ciki.

Na uku, ana iya faɗaɗa jigo. The Dark Knight na 2008, wanda Christopher Nolan ya yi bayan Batman Begins na 2005, ya kawo mugu mai suna Joker wanda ba dukiya yake nema ba, so yake ya nuna cewa kowa zai zubar da mutuncinsa in wuya ta yi wuya. Ya sa bam a jiragen ruwa biyu, ya ba mutanen kowane jirgi damar tarwatsa ɗayan domin su tsira. Jigon ya tashi daga ramuwar gayya ya koma tambaya kan doka da amana. Fim ɗin ya samu fiye da dala biliyan 1, kuma Heath Ledger da ya fito a Joker ya sami lambar Oscar a 2009, bayan rasuwarsa.

Raunin kashi na biyu

Rauni na farko shi ne cunkoso. Masu kuɗi kan ɗauka cewa in mugu ɗaya ya kawo riba, uku za su ninka ta. Spider-Man 3 na 2007 ya tara abokan gaba uku, Sandman da Venom da Harry Osborn, kowanne da labarinsa, babu wanda aka ba isasshen fili. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Batman & Robin na 1997 ya faɗa wannan rami, har aka shekara takwas kafin a sake fim ɗin Batman na 'yan wasa.

Na biyu shi ne maimaici. Tun da an ga abin da ya karɓu, sai a sake shi da sabon fenti: mugu ya tashi hallaka duniya, sadauki ya sha kaye a tsakiya, ya farfaɗo, a rufe da dogon faɗa da aka haɗa a kwamfuta. Mai kallo kan san ƙarshen tun kafin ya zauna.

Na uku, mutuwa kan rasa nauyinta. A littafin zane an kashe Superman a 1992, aka dawo da shi a 1993. Fim ma ya bi sahu, ya mutu a Batman v Superman na 2016, ya tashi a Justice League na 2017. A Infinity War rabin halittu sun zama ƙura, har da Black Panther da Spider-Man, bayan shekara guda duk suka dawo. In mai kallo ya tabbata ba abin da zai sami tauraro, fargabar da ke riƙe shi a kujera ta tafi.

Na huɗu shi ne dogaro da abin da ya gabata. Endgame shi ne fim na 22 a jerin finafinan kamfanin Marvel, wanda bai ga na baya ba zai yi ta tambayar na kusa da shi. The Marvels na 2023 ya jingina da wasu shirye-shiryen talabijin da mutane da yawa ba su gani ba. Ya samu kusan dala miliyan 200, alhali Captain Marvel na 2019 da ya gabace shi ya haura biliyan 1.

Misalin Wakanda Forever

Fim ɗin da ya fi dacewa mu auna shi ne Black Panther: Wakanda Forever na 2022, domin shi ne fim na farko da ya haura naira biliyan 1 a gidajen silima na Nijeriya, kuma akwai hannun mawaƙanmu irin su Tems da Burna Boy a waƙoƙinsa. Chadwick Boseman, wanda ya fito a Sarki T'Challa a fim na farko a 2018, ya rasu a watan Agusta na 2020. Darakta Ryan Coogler bai sa wani a madadinsa ba, sai ya sa T'Challa ya rasu a cikin labarin. Wannan mutuwa ce da ba dawowa, shi ya sa ta yi nauyi. Jigon ya zama juyayi da gadon sarauta: uwa, Ramonda, ta riƙe ƙasa, ƙanwa, Shuri, tana kokawa da fushi da son ramuwa. Nan ne ƙarfinsa.

Rauninsa kuwa a zubi yake. Tsawonsa ya haura awa biyu da rabi, kuma an ware wani ɓangare ga Riri Williams, wadda a lokacin ake shirya wa nata shirin na daban, da wasu jami'an Amurka da labarin zai tafi daidai ko babu su. A wuraren nan fim ɗin yana yi wa na gaba talla ne, labarinsa na jira.

Abin lura ga ɗalibin Hausa

Mayar da littafi fim ba sabon abu ba ne a wurinmu. Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, haka aka yi wa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. A fagen zane kuma, Roye Okupe ya ƙirƙiri Malika, sarauniya mayaƙiya da ya gina a kan tarihin Amina ta Zazzau. Ranar da wani zai ɗauki Iliya ko Ganɗoki zuwa fim mai kashi-kashi, matsalolin da aka lissafa a sama suna jiran sa. Abubakar Imam ya nuna wata mafita a Magana Jari Ce: littafi uku ne, aku yana nan a cikinsu duka, amma kowanne da dalilinsa. A na farko yana hana ɗan sarki fita, a na biyu yana gasa da wani aku, a na uku yana koyar da ɗansa.

Saboda haka mai nazari zai iya yi wa kowane kashi na biyu tambayoyi uku. Shin zai tsaya da kansa ga wanda bai ga na farko ba? Wane sabon abu muka sani game da babban tauraro? Me ya rasa wanda ba zai dawo ba?

Kammalawa

An ga cewa kashi na biyu kan yi ƙarfi in ya zurfafa halin tauraro ya kuma faɗaɗa jigo, kamar Spider-Man 2 da The Dark Knight. Yakan yi rauni in an cika shi da miyagu, ko an maimaita zubin farko, ko an mayar da shi tallan fim na gaba. Girman faɗa da yawan kuɗin da aka kashe ba sa rufe ramin da rashin labari ya bari. Ina kira ga 'yan uwa ɗalibai, musamman masu neman batun kundin kammala digiri, da su gwada waɗannan tambayoyi uku a kan finafinan Hausa masu kashi biyu da masu dogon zango. Fili ne mai faɗi, kuma da kayan aikinmu na nazarin adabi za a iya nome shi.