Jariri Da Doki: Yadda Waƙar Burda Ta Zana Zuciyar Ɗan'adam

Duk shekara idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, akan ji ɗaliban Islamiyya a Tudun Wadar Zariya suna rera ƙasidar Burda, wadda Imam Busiri ya tsara a Masar a ƙarni na 13. Akasarin masu sauraro sun san ta da yabon Manzon Allah (SAW), amma kafin mawaƙin ya shiga yabo sai da ya keɓe babi guda yana faɗakarwa a kan son zuciya.

Da yake zuciya ba a ganin ta da ido, sai ya ba ta jiki. Ya kamanta ta da jaririn da ke shan nono: idan aka ƙyale shi zai girma bai daina nema ba, idan aka yaye shi kuwa zai haƙura. Manufa ita ce sha'awa ba ta ƙarewa don an biya ta, ƙaruwa take yi. Haka nan ya nuna ta a matsayin doki mai tutsu da ke buƙatar linzami. Doki abin amfani ne, ba a yanka shi don ya yi gardama, horar da shi ake yi. Sannan ya kawo guba a cikin abinci mai maiƙo, alamar daɗin da ke ɓoye halaka.

Masana adabin Hausa, irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, suna kiran waɗannan dabaru kamantawa da alamtarwa da jinsintarwa. Bahaushe ma haka yake yi a maganarsa ta yau da kullum: zuciya tana saƙe-saƙe kamar masaƙi, hankali yana tashi yana kwanciya kamar ƙura. Mawaƙan wa'azi na ƙasar Zazzau, ciki har da Aliyu Namangi mai Imfiraji, da irin wannan salo suka riƙa kai saƙo ga wanda bai yi zurfin karatu ba.

Amfanin hoton shi ne yana zama a rai bayan an manta dogon bayani. Ɗan kasuwar da zuciyarsa ta raya masa ya tauye mudu, ko ma'aikacin da aka miƙa wa na goro, zai fi saurin tuna jaririn da ba a yaye ba. Wanda ya karɓa yau, gobe zuciyar za ta nemi abin da ya fi shi.