Tsarin Kalmomi a Turancin Yau da Kullum: Inda Ɗalibin Dabai Yake Tuntuɓe

Dabai gari ne na Dakarkari a ƙasar Zuru, cikin Jihar Kebbi. Yaron da aka haifa a nan yakan buɗe baki da Dakarci, watau harshen da masu shi suke kira C'lela, ya tsinci Hausa a kasuwa da wurin wasa, sa'an nan ya gamu da Turanci a aji. Na ukun nan kuwa shi ne mai yanke masa hukunci, domin jami'a ba ta karɓarsa sai ya ci Turanci da kyau a jarrabawar gama sakandare. Wannan maƙala za ta duba wasu tsare-tsaren kalmomi na Turancin yau da kullum waɗanda suke ba irin wannan ɗalibi wahala, da kuma inda wahalar ta samo asali.

Galibi ba ƙarancin kalmomi ne yake kayar da shi ba. Yana iya sanin ma'anar kowace kalma da ke cikin jumla, amma ya kasa jera su yadda Bature yake jerawa, saboda ya riga ya gina jumlar da Hausa a zuciyarsa, kalmomin Turanci kawai ya zuba a kai. Ba abin mamaki ba ne Hausa ta tsaya a tsakani. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya ba da izinin a fara koyar da yara da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suka fi amfani da shi, kuma a Arewa da Hausa malami ya saba warware wa yara abin da ya shige musu duhu.

Babban wurin tuntuɓe shi ne aikatau da 'yar ƙaramar kalmar da take biye da shi. Tun 1960 F. W. Parsons ya nuna cewa aikatan Hausa sun kasu giredi bakwai, kuma wasalin ƙarshe da karin sauti su ne suke sauya ma'ana. Daga "saya" ake samun "saye" da "sayo" da "sayar". Daga "fita" ake samun "fito", daga "shiga" kuma "shigo". Aikin da Hausa take yi da wutsiyar aikatau, Turanci da wata kalma dabam yake yin sa. Inda Bahaushe zai ce "cinye" da "shanye", Bature sai ya ce "eat up" da "drink up". Inda aka ce "fita" da "fito", shi sai ya ce "go out" da "come out". Wannan kam da sauƙi, domin ma'anar aikatau ba ta gushe ba. Amma a dubi "look at" da "look for" da "look after", watau duba da nema da kula da. Ko kuwa "put on" da "put off" da "put out" da "put up with", watau sa tufa, da ɗage taro, da kashe wuta, da jure wa abu. Aikatau ɗaya ne, amma ma'anonin ko dangantaka babu tsakaninsu. Wanda ya haddace cewa "put" shi ne "ajiye" bai tsira da kome ba a nan.

Abin sha'awa shi ne ɗalibi yakan gane da kansa cewa nauyin ma'ana yana kan ƙaramar kalmar, sai ya jefar da aikatau ya riƙe ta ita kaɗai. Ta haka ake samun "on the light" da "off the fan", daidai da "kunna fitila" da "kashe fanka", inda Hausa take amfani da kalma ɗaya tak. Kuskure ne a takardar jarrabawa, amma lalle ba kuskuren dolo ba ne. A wani wurin kuma akasin haka ne yake faruwa, a cusa ƙaramar kalma inda Turanci bai neme ta ba. "Discuss about" ɗan "tattauna a kan" ne, "enter inside" kuwa daga "shiga ciki" ya fito.

Kusa da wannan akwai "borrow me your pen". Turanci ya raba mai karɓar aro da mai bayarwa da kalmomi biyu, "borrow" da "lend". Hausa saiwa ɗaya gare ta: "ya ari alƙalami", "ya ara mini alƙalami". Haka nan "ji" ya haɗa sauraro da wari da zafi, shi ya sa ake jin "I am hearing smell".

Misalin ƙarshen nan ya taɓo tsari na biyu, watau lokaci mai ci. Bahaushe yana cewa "ina da", "ina so", "ina ji", duka da lamirin da yake amfani da shi a "ina tafiya". Tun da an koya wa ɗalibi cewa "ina tafiya" shi ne "I am going", sai ya auna sauran a kai, ya rubuta "I am having two brothers". Turanci kuwa ba ya yarda aikatan mallaka da sani su ɗauki wannan siffa a irin wannan ma'ana. Akwai 'yar shaida da take nuna hannun Hausa a ciki: ba kasafai ake jin ɗalibi ya ce "I am knowing" ba, domin a Hausa ma "na sani" ake cewa. "I am coming" da mutum yake faɗa alhali ya juya baya zai fita, "ina zuwa" ce ta sa rigar Turanci, ko da yake wannan ta game Nijeriya duka.

Tambayar korewa ma tana da nata tarko. In an ce "Ba ka ci abinci ba?", Bahaushe zai amsa "I, ban ci ba", watau ya gaskata mai tambaya. Bature abin da ya faru yake dubawa, don haka "No, I didn't" zai ce. "Yes, I didn't" ba ta da gurbi a nahawunsa.

Akwai wuri guda da Hausa ba ta da laifi, watau rikicin "he" da "she". Bakano ba ya kiran mahaifiyarsa "he", domin harshensa ya raba jinsi har fiye da Turanci: yana da "kai" da "ke" inda Bature yake da "you" kurum. Dakarci kuwa dangin harsunan Kainji ne, ba ya kasa sunaye zuwa namiji da mace, sai dai rukuni-rukuni, kamar yadda Carl Hoffmann ya bayyana a 1967. Ana ganin alamar haka ko a sunan jama'ar: mutum ɗaya K'lela, jam'i Lelna, harshe C'lela. Saboda haka wanda ya tashi da Dakarci yakan ce "matata ya zo" a Hausa, ya kuma ce "my mother, he is sick" a Turanci. Barikanci, Hausar da sojoji suke yi a bariki, ita ma ba ta damu da jinsi ba, ƙasar Zuru kuwa ta daɗe da shahara wajen aikin soja. A nan malamin da ya san Hausa yana da makami a hannu: in yaro ya riƙe "ya" da "ta" sosai, "he" da "she" sun zo masa da sauƙi.

Jan layi da jan alƙalami a ƙarƙashin kuskure ba ya gaya wa yaro daga ina kuskuren ya fito. Abin da ya fi amfani shi ne a koyar da tsarin ɗungurungum, "look after" a matsayin kalma ɗaya, a ajiye takwararsa ta Hausa kusa da shi a allo, a nuna inda suka rabu. Ɗalibin ba baƙon irin wannan aiki ba ne. Shi ne wanda in ya fita daga aji yake ce wa abokinsa "zan yi calling ɗinka". Ya ɗauki aikatau na Turanci, ya zaɓi siffarsa mai kama da suna, ya sa "yi" a gabansa, ya liƙa masa "ɗin" kamar yadda Hausa take yi wa baƙon suna, kuma ba a taɓa koya masa wannan ƙa'ida a makaranta ba.