Akwatin Kifin Ado A Gida: A Zafin Khartum, Tsiro Ya Fi Na'ura Amfani

Daga wakilinmu a Omdurman

Duk wanda ya tashi a Khartum ko Omdurman ya san kifi, sai dai a kasuwar Maurada ya san shi, ko kuma a cikin faranti. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu Hausawan Sudan sana'ar su suka gada, tun daga Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu har zuwa madatsar ruwan Jabal Auliya da aka kammala a 1937 a kan Farin Nilu. Saboda haka idan ka ce wa mutum za ka ajiye kifi a ɗaki ka riƙa ciyar da shi, ba don ka ci ba sai don kallo, dariya zai yi maka. Amma duk da haka akwai masu sha'awar abin, kuma mafi yawansu asarar kuɗi suke yi a makon farko, kamar yadda ni ma na yi.

A 2019 ne na saya wa yarana akwatin gilashi, wanda Larabawa ke kira haudus samak. Rana guda na sayi akwatin da kifaye goma, na tara ruwan famfo na zuba su ciki, har da hita mai ɗumama ruwa, domin na ji an ce ba a kiwon irin wannan kifi sai da ita. Kafin mako ya zagayo babu ko ɗaya mai rai, yara na kuka, uwargida na yi mini lissafin abin da na kashe. Daga baya ne na gane cewa shawarwarin da muke ji an tsara su ne don ƙasashen sanyi irin su Ingila da Jamus, alhali mu a nan zafi da ɗaukewar wuta ne matsalarmu.

Kayan da ake buƙata

Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 yana ɗaukar ruwa lita 54, kuma shi ya fi dacewa da mai farawa. Ƙaramar kwalba mai siffar ƙwarya da ake yawan sayarwa tana da kyau a ido, amma ruwanta kan yi zafi ya kuma gurɓace cikin 'yan sa'o'i. A tuna cewa lita guda ta ruwa kilo guda ce, idan aka haɗa da gilashi da yashi nauyin zai kai kilo 70, don haka sai a sami teburi mai ƙwari, a ɗaki mafi sanyi, inda haske ke shiga amma rana ba ta dukan gilashin kai tsaye.

Bayan akwati, sai matacin ruwa na soso wanda ƙaramin famfon iska ke tafiyar da shi. Wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba, kuma akwai wanda ke aiki da fawa bank irin na wayar hannu. Sai fitilar LED da za a kunna awa 6 zuwa 8 a rana, da ma'aunin zafi, da ƙaramar fanka, da raga ta rufe saman akwatin. Ragar tana hana kifi tsallakowa, tana kuma hana sauro yin ƙwai a ruwan kafin a zuba kifi. Wannan ba abin wasa ba ne ga garin da ya sha fama da zazzaɓin dengi a 2023 da 2025. Ranar da habub ta taso kuwa, sai a lulluɓe akwatin da zane saboda ƙura.

Zafi da ɗaukewar wuta

Mafi yawan kifayen ado sun fi jin daɗin ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 28. A Khartum kuwa zafin rana a watannin Mayu da Yuni yakan haura digiri 40, kuma ruwa idan ya yi zafi iskar oksijin da ke cikinsa raguwa take yi, shi ya sa za ka ga kifi ya taso sama yana haki. Maganin shi ne dabarar da tulun sabil na bakin titi ke amfani da ita: idan iska na kaɗa ruwa yana tashi, sauran yakan huce. Fanka da aka saita tana hura saman ruwan takan rage digiri 2 ko 3. Kada a jefa ƙanƙara kai tsaye, domin sauyin zafi farat ɗaya yana kashe kifi. Hita ba ta da aiki sai a dararen Disamba da Janairu, lokacin da sanyi kan sauko wajen digiri 15.

Batun wuta kuwa kowa ya sani. Tun yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 aka lalata tashoshin wuta da na ruwa da dama, a 2025 ma hare-haren jirage marasa matuƙa a kan tashar Marawi sun jefa garuruwa cikin duhu. Akwatin da ya dogara ga na'ura kaɗai, kwana ɗaya ba wuta ya ishe shi mutuwa. A nan ne tsiro ke nuna amfaninsa.

Aikin tsiro a cikin ruwa

Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce gare shi. Tsiron ruwa yana shanye ta a matsayin taki, da rana kuma ya saki oksijin. Wannan ba sabon ilmi ba ne. A 1850 wani masanin sinadarai a Landan mai suna Robert Warington ya nuna cewa kifi da ciyawar Vallisneria da katantanwa za su rayu tare a tulun gilashi ba tare da an yi ta canza ruwa ba. A 1999 kuma wata Ba'amurkiya, Diana Walstad, ta wallafa littafi a kan shimfiɗa ƙasar lambu a ƙarƙashin yashi don tsiro ya sami abinci.

Haka na yi a karo na biyu. Na zuba ƙasar lambu marar taki da maganin ƙwari kaurin santimita 2 zuwa 3, na rufe ta da yashi wankakke mai kauri kamar haka, sannan na dasa tsiro da yawa tun ranar farko. Vallisneria mai dogon ganye tana jure zafi. Ceratophyllum ba ta ma da saiwa, yawo take yi a cikin ruwa. Anubias, wadda asalinta daga dazuzzukan Nijeriya da Kamaru ne, ɗaure ta ake yi a jikin dutse ba a binne gindinta. A sama kuma ga kainuwa, tana ba da inuwa, amma a riƙa rage ta kada ta rufe fiye da rabin ruwan. Wannan akwati ya sha kwana biyu da uku ba wuta, kuma ban rasa kifi ba.

Wanda zai tsinko tsiro daga kogi ko magudanan gonaki ya yi hattara, domin katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya a jikin irin waɗannan ciyayi take maƙalewa. A wanke tsiron sosai, a ajiye shi a bokiti dabam na 'yan makonni ana cire duk katantanwar da ta fito, kuma kada yara su sa hannu a ruwan. Haka nan kada a zubar da tsiron akwati a kogi. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ake kira a'ashabun Nil asalinta daga Kudancin Amurka ne, a matsayin furen ado ta yaɗu a duniya, amma da ta bayyana a Farin Nilu a ƙarshen shekarun 1950 sai ta toshe wa jiragen ruwa da masunta hanya.

Ruwa, haƙuri da zaɓen kifi

Ruwan famfo yana da kulorin, don haka a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni, ko a ɗiga masa maganin cire kulorin. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da Shuɗin Nilu ke gangarowa da laka daga tsaunukan Habasha, sai a bar ruwan ya kwanta a ɗebi na sama.

Babban kuskurena na farko shi ne gaggawa. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a cikin soso da yashi, su ne ke mayar da amoniya wani sinadari marar illa sosai, kuma sukan ɗauki mako 3 zuwa 6 kafin su yawaita. A wannan lokaci tsiro kaɗai za a bari a ciki, ana ɗan barbaɗa abincin kifi jefi-jefi. Shi ya sa ma ba a wanke soson da ruwan famfo, sai da ruwan da aka ɗebo daga akwatin.

Idan lokaci ya yi, a fara da kifaye huɗu ko biyar. Gofi da moli da filati suna jure ruwanmu, suna kuma cinye 'ya'yan sauro. Kifin beta na ƙasar Tailan yana iya shaƙar iska daga saman ruwa, amma ba a haɗa maza biyu wuri guda. Jan kifin nan na zinariya na ruwan sanyi ne, yana girma, yana cin tsiro, bai dace ba. 'Ya'yan karfasa, wato bulɗi, da na tarwaɗa da yara kan kamo a bakin kogi su ma za su tone yashin su tumɓuke komai.

Abinci sau ɗaya a rana ya isa, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. A ranakun da ba wuta a rage, ko ma a tsallake. Duk mako a canza kashi ɗaya bisa huɗu na ruwan. Idan gansakuka ta fara mamaye gilashi, haske ko abinci ne ya yi yawa.

Ga iyalan da suka komo gidajensu bayan da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025, kuɗi ba na wasa ba ne, kuma yaran da suka ga abin da suka gani ba su buƙatar sake kallon abin da suke so yana mutuwa a gabansu. Wanda ya yi niyya ya fara da tsiro, ya jira wata guda, sannan ya kawo kifi. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.