Wa Ya Ce Lami Sunan Maguzawa Ne?

Gardamar suna ta sake tashi a Facebook da zaurukan WhatsApp na mata, tun da wasu iyaye matasa suka fara waiwayar sunayen kakanni. Mai jego ta ce tana so a riƙa kiran 'yarta Lami ko Delu, sai ƙawaye su yi mata ca: wannan ai sunan ƙauye ne, wasu har su ce na maguzawa ne, bai dace da 'yar Musulmi ba. Nan take a jero mata Afnan da Ilham da Nihal, a ce ta zaɓa.

Zancen ƙauyanci ra'ayi ne, kowa da abin da kunnensa ke so. Na maguzancin ne ke ba ni haushi. Lami ranar Alhamis aka haife ta, Jummai ranar Juma'a, Asabe Asabar, Ladi Lahadi, haka Talatu da Balaraba da Altine. Sunayen ranakun nan bakwai kuwa daga Larabci Hausa ta aro su. To ta yaya sunan da aka ciro daga Alhamis zai girmi zuwan Musulunci ƙasar Hausa? Maguzawa na amfani da su, gaskiya ne, amma su ma ara suka yi. Ita kuma Azumi, wadda aka haifa cikin watan Ramalana, wane tsafi za a jingina mata?

Abin ya fi ban dariya idan aka zo kan Indo da Dije da Mairo da Binta da Kulu. Indo A'isha ce, Dije Hadiza, Mairo Maryamu, Binta Fatima, Kulu Hauwa'u. Sunan yanka yana nan daram, wanda liman ya raɗa ranar bakwai aka yanka rago. Kunya ce ta haifi na biyun. An mayar wa yarinya sunan kakarta, uwa ba ta iya buɗe baki ta ambaci sunan surukarta a tsakar gida, dole a nemo alkunya, a ce Uwani ko Ummi ko Indo. Wadda ke yatsine fuska da Dije, ta kuma rubuta Khadeejah a jikin kek ɗin suna, tamkar mai ƙin fura a ƙwarya ce, ta je kanti ta saye ta a roba da ninkin kuɗi.

Tsofaffin sunayen nan suna ɗauke da labari. Da jin Delu ko Kande an san mace ce ta biyo bayan maza, da jin Auta an san daga ita aka rufe. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri saboda siyasar NEPU kafin rasuwarta a 2001, Hajaratu ne sunanta na yanka. Gambo ta samu domin tagwaye ta biyo. Matar da ke gina tukunya a bayan takardar naira 20, Ladi Kwali ce. Su ma malaman zamanin da ba su ɗauki al'adar suna a matsayin dole ba. Nana Asma'u, da aka haifa a 1793, tagwai ce ita da Hassan, amma mahaifinta Shehu Usmanu bai sa mata Husaina ba.

A addinance ma'ana ake dubawa. Annabi (SAW) ya canza wa matarsa suna daga Barra zuwa Zainab, ga shi kuwa Barra Larabci ne tsantsa. Yabon kai da ke cikinsa ne matsalar. Da wannan ma'auni akwai tsofaffin da ya kamata a bar wa tarihi, irin Ajuji da Ayashe, da ake laƙaba wa 'yar wabi don a nuna kamar ba a damu da ita ba, ko mutuwa ta kau da kai. Da shi kuma ya kamata a auna sababbin. Afnan rassan bishiya ne, ba laifi, amma iyaye nawa suka tambaya kafin a raba goro?

Inda suna ke cutar da yarinya da gaske, babu mai gardama a kansa. Takardar haihuwa ta ce A'isha, rajistar firamare ta ce Indo, a sakandare ita da kanta ta mayar da shi Ayshat, ma'aikacin da ya ɗauki bayananta na NIN kuma ya buga abin da kunnensa ya jiyo, bai ko juyo mata da fuskar kwamfutar ta duba ba. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, banki ma yana son sunan BVN ya yi daidai da na NIN harafi da harafi. Sai ka ga uba da 'yarsa a layin kotu suna jiran takardar rantsuwa, daga nan a biya jarida kuɗin sanarwar canjin suna, sannan a koma ofishin NIMC a sake biya, a yi ta zaryar "ku dawo mako mai zuwa" har ranar rufe rajistar jarrabawa ta ƙarato.