Kwamfutar Kamfani da Rijiyar Ƙauyenmu

'Yan'uwa, duk wanda ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga lemon kwalba a cikin ƙanƙara, kuma ba a rasa shi a wurin biki ko suna. Amma kaɗan ne ke tambayar ruwa nawa aka kashe kafin kwalba ɗaya ta iso hannunsu. Manyan kamfanonin lemo suna yi wa kansu wannan tambaya, kuma yanzu kwamfuta ce ke yi musu lissafin. Ya kamata mu san yadda lissafin yake, domin a ƙasar Gumel babu kogin da ke gudu rani da damina. Mu da dabbobinmu, ruwan ƙarƙashin ƙasa muke sha.

Abin da ya faru a Indiya

A shekarar 2000 kamfanin Coca-Cola ya buɗe masana'anta a ƙauyen Plachimada da ke jihar Kerala ta ƙasar Indiya, yana jan ruwa daga rijiyoyin burtsatse. Kafin 2002 mutanen ƙauyen sun fara kuka cewa rijiyoyinsu suna ƙafewa, ruwan kuma ya lalace. Kamfanin ya ce laifin fari ne. Matan ƙauyen suka yi zaman dirshan a ƙofar masana'antar, hukumar yankin ta ƙi sabunta lasisi, a 2004 aiki ya tsaya cak. Kamfanonin lemo da na giya sun ɗauki darasi: idan ruwa ya ƙare, ko maƙwabta suka fusata, an yi asarar jari. A 2007 Coca-Cola ya yi alkawarin mayar wa ƙasa da jama'a ruwa daidai da wanda yake zubawa a kwalabe, a 2016 kuma ya sanar cewa ya cika alkawarin.

Yadda manhajar ke aiki

Manhaja ita ce tsarin umarnin da ke cikin kwamfuta ko waya. Ana ɗaura mita a kan kowane bututu a masana'anta, a zura wata ƙaramar na'ura cikin rijiyar burtsatse don ta auna zurfin ruwa. Na'urorin suna aika lambobi ga kwamfuta ta layin waya. Manhajar ta tara su, ta nuna wa manaja lita nawa aka jawo yau, nawa suka tafi wajen wanke kwalabe, nawa aka zubar. Idan bututu ya fashe da tsakar dare, lissafin ne zai tona shi kafin gari ya waye. Coca-Cola ya ce a 2004 yana kashe lita 2.7 don yin lita ɗaya ta lemo, zuwa 2015 ya rage zuwa ƙasa da lita 2.

Akwai kuma manhajar taswira. Wata cibiyar bincike a Amurka, World Resources Institute, tana da mai suna Aqueduct, wadda kowa zai iya dubawa kyauta a intanet. Tana shafa wa yankunan duniya launi, daga ruwan ɗorawa inda ruwa ya wadata zuwa ja wur inda ake rububinsa. Kamfani yakan duba ta kafin ya kafa masana'anta.

Wannan ci gaba ne, ba ma musun haka. Amma taswirar tana kallon yanki mai faɗin gaske ne a dunƙule. Ba ta san cewa famfon tuƙa-tuƙa na unguwarku ya fara ba da iska a watan Afrilu ba. Haka kuma ruwan da aka ce an mayar, ana iya mayar da shi a wani gari mai nisa, lissafi ya daidaita a kwamfuta, rijiyar maƙwabcin masana'anta kuwa tana nan a bushe.

Ruwan da ke ɓoye a cikin sukari

Ga inda maganar ta zo ƙofar gidanmu. Masana'antar lemo mafi kusa da mu suna Kano, kamar ta Nigerian Bottling Company da ke Challawa. Wani zai ce, to ina ruwanmu? Ruwanmu yana cikin sukari. A 2010 Coca-Cola da ƙungiyar Nature Conservancy sun fitar da bincike a kan kwalbar rabin lita da aka yi a ƙasar Holan. Sun gano ta ci wajen lita 35 na ruwa, kuma mafi yawansa a gonar da aka noma sukarin ya tafi, ba a masana'anta ba. Mitar da ke kan bututun kamfani ba ta ganin wannan ruwan.

Ba mu manta ba cewa tun wajen 2016, a zamanin Gwamna Badaru Abubakar, gwamnatin Jigawa ta ware wa kamfanin Lee Group fili mai hekta kusan 12,000 don noman rake da yin sukari, a ƙananan hukumomin Gagarawa, Sule Tankarkar, Garki da Taura. Manoma da yawa sun yi zanga-zanga a kan gonakinsu da batun diyya, gwamnati kuma ta ce aikin zai samar wa matasa abin yi. An yi ta maganar fili. Maganar ruwa ba ta samu irin wannan kulawa ba, alhali nauyinsu ɗaya.

Bari mu yi lissafi. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce rake yana bukatar ruwa milimita 1,500 zuwa 2,500 kafin a sare shi. Gero kuwa 450 zuwa 650 sun ishe shi, shi ya sa kakanninmu suka riƙe shi. Ruwan saman ƙasarmu bai cika wuce milimita 600 a shekara ba. Ko da an ɗauki mafi ƙanƙantar bukatar rake, akwai giɓin milimita 900. A hekta ɗaya wannan lita miliyan 9 ke nan, wato jarka 360,000 mai cin lita 25. Hekta ɗaya tak. Dole ruwan ya fito daga wani wuri, ko a janyo shi daga kogi, ko a tono shi daga ƙasa. Kogin Hadejia ma yana da masu jiransa, domin tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke kaiwa fadamun Hadejia da Nguru ya ragu.

Igiya da littafi

Kamfani yana da lambobinsa. Idan gardama ta tashi, ƙauyen da ba shi da nasa lambobin sai dai ya ce "da can ruwa ya fi haka", a ce masa fari ne, kamar yadda aka ce wa mutanen Plachimada. Ba sai da kwamfuta za mu tara namu ba. Kwamitin rijiya ya samu igiya, ya yi ƙulli a kowace mita ɗaya, ya ɗaura dutse a bakinta. Ranar farko ta kowane wata, da asuba kafin a fara ja da guga, a zura ta har dutsen ya taɓa ruwa, a rubuta kwanan wata da yawan ƙullin a littafi. Wata ɗaya ba ya nuna komai, amma shekara uku a jere shaida ce da injiniya zai karɓa. A sa mata a kwamitin, domin su ne ke fara sanin ranar da igiya ta gaza. A yi aikin tare da maƙwabtanmu Musulmi da Fulani makiyaya, tun da rijiya ɗaya muke sha, mai unguwa kuma ya sa hannu a kowane shafi.

Dokar Nijeriya ta 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka su yi binciken illar da za su yi wa muhalli, a kuma baje rahoton don jama'a su duba su faɗi ra'ayinsu. Idan wakilan wani kamfani suka zo taro a ƙauyenku, ku tambaye su daga ina za su ɗebi ruwa, lita nawa a rana, kuma rijiyoyinsu za su kai zurfin mita nawa. Ku nemi a riƙa manna sakamakon awon rijiyoyinsu a ƙofar fadar hakimi kowane wata uku, da Hausa. Manhajar tana fitar da wannan takarda cikin minti kaɗan. Amsar da suka bayar, a rubuta ta a littafin nan na rijiya, da kwanan wata da sunan wanda ya faɗa, a kai kwafi ofishin ruwa na ƙaramar hukuma.