Itacen Tudu Shi Ke Riƙe Ruwan Fadama

'Yan'uwa manoma na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ku duba fadamar garinku. A wurare da dama, inda dā ake shuka rake da albasa har bazara, yanzu yashi ya cike wurin, rijiya kuma tana ƙafewa tun kafin sanyi ya wuce. Waɗansu sukan ce ƙarancin ruwan sama ne. Amma babban dalilin yana kan tudu.

Idan akwai itatuwa a tudu, ganye da saiwa sukan tare ruwan sama, ya nutse a ƙasa, ya riƙa tsattsafowa cikin fadama sannu a hankali duk rani. Idan aka sare su, ruwa yakan sheƙo a guje, ya haƙa kwazazzabo, ya kwaso yashi ya zuba a fadama.

Dajin Rugu da dajin Kogo sun sha gatari saboda itacen wuta da gawayi da sababbin gonaki. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da Kogo gandun daji na ƙasa. Amma saboda rashin tsaro, manomi ba ya iya shiga daji yadda ya saba. Saboda haka gyaran da ke hannunmu yana cikin gonakinmu.

Maƙwabtanmu na Maradi sun nuna hanya. A 1983 wani ma'aikacin mishan, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya ga dashen da suke yi yana ta mutuwa. Sai ya lura kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Manoma suka fara barin tohonsu ya girma. Suna kiran wannan aiki sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta ya mai da itatuwa wajen miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Nijar.

Ga yadda ake yi. Lokacin sharar gona, zaɓi kututturan kalgo, sabara, marke ko gawo. A kowane ɗaya ka bar toho uku zuwa biyar masu ƙarfi, ka yanke sauran. Ka rage rassan ƙasa har rabin tsawon tohon, da wuƙa mai kaifi, kana yankan daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Kada ka sa wuta kusa. Gawo ya fi kowa amfani, gama yakan zubar da ganye da damina, ba ya yi wa dawa inuwa, ganyen kuma taki ne.

A fadama kuwa, kada a yi noma har bakin rafi. A bar ciyawa, a dasa jema ko gamba a gefe, a jera duwatsu a kan kwazazzabo tun yana ƙarami.

Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, gama yashin gonar wani shi ke binne lambun wani. Ku kawo maganar a taron ƙungiya. Ku sami mai unguwa da ardo, a yi shawara kan wanda zai yanki reshe da lokacin sakin dabbobi. Makiyayi ma zai sami 'ya'yan gawo da rani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin ruwan fari na bana, kowa ya ƙirga kututturan gonarsa.