Mota na shan ruwa a hanyar Batsari da Safana? Ga yadda za ka gano inda ruwan ke tafiya

Duk wanda ya taɓa shiga Golf ɗin haya daga Katsina zuwa Batsari, ko daga Dutsin-Ma zuwa Safana, ya san jarkar ruwan nan da ke zaman dirshan a but. Lokaci-lokaci direba zai tsaya, ya ɗaga bonet, ya ɗura wa motar ruwa, a ci gaba da tafiya. An saba har an daina ganin abin a matsayin matsala. Sai dai a ƙasar da ke gefen dajin Rugu, inda mutane ke ƙoƙarin isa gida kafin magariba saboda 'yan bindiga, tsayawar minti 40 a jira inji ya huce ba abin wasa ba ne.

Abin da ya kamata mai mota ya fara riƙewa shi ne, inji mai lafiya ba ya shan ruwa. Ruwan zagayawa yake a rufe, daga inji zuwa lagireto ya dawo. Idan kullum sai ka ƙara, to akwai inda yake fita.

Fara da murfin ruwan, domin shi ne mafi arha kuma shi aka fi mantawa da shi. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa kan tafasa a digiri 100. Murfin yana matse iska a ciki da ƙarfin da ya kai kusan ba 1 ko sama da haka, wanda ke sa ruwan ya jure har wajen digiri 120 bai tafasa ba. Idan robar murfin ta mutu, ruwan zai riƙa fita a matsayin tururi, ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. A Golf 3 murfin yana kan farar robar ruwa ce da ke gefen inji, kuma ita kanta robar takan tsage idan ta tsufa.

Da daddare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar. Da safe, inji na sanyi, ka duba inda ya jiƙe, sannan ka bi sama da tocilan. Nemi farin busasshen tabo ko tsatsa a bakin tiyo, a ƙasan famfon ruwa, da inda roba ta haɗu da ƙarfe a jikin lagireto. Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, tana da wani bututun roba da ke manne a jikin kan silinda, wanda ya yi suna wajen fashewa da ɗiga a hankali. Kafet ɗin ƙafar fasinjan gaba idan yana jiƙewa ba ruwan sama, to ƙaramin lagireton hita ne ya huje.

Wani ɗigon ba ya nuna kansa sai an matsa. Akwai ɗan famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a madadin murfi, a hura iska daidai adadin da aka rubuta a murfin, a zuba ido. Idan allurar agogon na sauka, akwai huji, kuma galibi za ka ji shi ko ka gan shi. Akwai kuma ruwan kala da ake zubawa a lagireto, wanda ke ƙyalli idan an haska shi da fitilar UV a duhu.

Yanzu ga abin da kanikawanmu suka fi yi, wanda ni ban yarda da shi ba. Mota ta yi zafi, sai a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai-tsaye da makulli, a ce ai wannan na ƙasar Turawa ne mai sanyi. Tamostat ƙofa ce da ke buɗewa idan ruwa ya kai tsakanin digiri 80 da 90, don inji ya yi aiki a zafin da aka tsara masa. In babu ita, da safiyar hunturu injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya sha fetur fiye da ƙima, ya kuma riƙa cin jikinsa. Abin da ya fi muni, ainihin cutar tana nan: lagireto da ya toshe, ko famfon da fikafikansa suka cinye. Fankar da ke juyawa ba hutu ta rufe alamar ne kawai, sai watan Afrilu ya zo, zafi ya haura digiri 40, an yi lodin buhunan masara, sannan ta tona asiri.

Lokacin da zafin ke tashi ma bayani ne. Idan a tsaye ne ko a cunkoson kasuwa allura ke hawa, ta sauka in an kama hanya, zargi fanka, fis ɗinta ko suwic ɗin da ke kunna ta. Idan kuma a kan gudu da lodi take hawa, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko ƙura da ƙaiƙayi sun cike fuskar lagireto. Na'urar auna zafi mai hasken leza, irin mai kama da bindigar wasan yara, tana raba gardama a nan. Haska lagireto daga sama zuwa ƙasa. Duk inda ya yi sanyi sosai alhali kewayensa na da zafi, wurin a toshe yake. Ruwan rijiya da na burtsatse da ake ɗurawa tsawon shekaru ne ke tara wannan gasa-gasa, kamar yadda ake gani a gindin tsohuwar butar shayi. Kulan na gaskiya da aka haɗa da tataccen ruwa ya fi, amma a kiyaye shi daga yara da awaki, domin yana da zaƙi kuma guba ne.

Masu wayar Android za su iya sayen ELM327, a soka a kafar OBD2, a haɗa da manhajar Torque ta Bluetooth, a ga zafin ruwan da lamba. Ba ya buƙatar sabis, abin da mutanen Batsari da Safana za su gane darajarsa tun bayan rufe layukan waya na Satumbar 2021. Sai dai a lura: an wajabta wannan tsari ne a Amurka daga 1996, a Turai kuma kan motocin fetur daga 2001. Yawancin Golf 3 da suka zo daga Turai ba za su amsa masa ba, ko da kafar ta shiga.

Idan ka bincika ko'ina babu ɗigo, saura gaskit ɗin kan silinda. Alamunsa: farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya ɗumama, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, kumfa na tasowa a robar ruwa, ko tiyo ya yi tauri kamar taya jim kaɗan da tayar da inji mai sanyi. Akwai ruwan gwaji shuɗi da ke komawa rawaya idan hayaƙin inji ya shiga cikin ruwan. Ka nemi a yi wannan kafin ka bari a buɗe inji. In kuma an buɗe, a auna kan silindar, domin idan ya lanƙwashe, sabon gaskit ba zai daɗe ba.

Idan ta tafasa maka a hanya kuma wurin ba na tsayawa ba ne, kashe AC, ƙure hita in tana aiki, ka sauke gilasai, ka lallaɓa zuwa gari mafi kusa muddin allura ba ta shiga ja ba. Ta shiga ja, kashe inji. Kada ka buɗe murfi sai ka iya riƙe tiyon sama da hannu, kuma kada ka sheƙa ruwan sanyi a inji mai zafi; ka jira ya huce, ka tayar, ka zuba kaɗan-kaɗan.